Sefa, Naman Ƙanƙara Da Aikin 'Ya'yanmu: Abin Da Kako Nubukpo Ya Hango

Duk wanda ke cin abinci a gindin turke ya kamata ya san sunan Farfesa Kako Nubukpo. Haifaffen Lome ne, masanin tattalin arziki, ya kuma riƙe muƙamin minista a nan Togo daga 2013 zuwa 2015.

Maganarsa ita ce, an ɗaure sefa da kuɗin Turai: tun 1999 yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ba ya motsi. A ganinsa wannan ƙarfin aro ne, yana sauƙaƙa wa mai shigo da kaya, yana danne mai noma da mai kiwo. Wato duk kwalin kajin ƙanƙara da aka sauke a tashar jirgin ruwan Lome, aikin wani yaro ne aka kai waje.

To, mu dai gani ya kori ji. A ƙarshen shekarun 1980 naman shanun Turai, wanda gwamnatocinsu ke tallafa wa, ya cika garuruwan bakin teku da araha, har dabbar Sahel ta rasa mai taya. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, naman waje ya yi tsada, mahauta suka dawo kara. Amma fa shinkafa da magani da kayan gyaran mota su ma sun hau, talaka ya ji a jikinsa. Karya kuɗi kaɗai ba magani ba ne.

A littafinsa na 2022 Nubukpo ya nemi Afirka ta kare kasuwarta kafin ta shiga kokawa da manyan ƙasashe. Ku lissafa bakin da sa ɗaya ke ciyarwa daga Sinkase zuwa kasuwar Adetikope: makiyayi, direba, ɗan rakiya, dillali, mahauci, mai tsire, mai sayen fata. Kwalin ƙanƙara kuwa, daga mai shigo da shi sai mai firiza. Shi ya sa samarin Kege da Zango suka koma haya da babur.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Tun 2015 ƙungiyar ECOWAS ta sa harajin kashi 35 cikin ɗari kan naman waje, amma me ya amfana in shingayen hanya na cinye ribar kafin mota ta iso, dabba ta rame? Ga shi Nijar da Burkina da Mali, inda shanunmu ke fitowa, sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake sefa ɗaya muke kashewa.

Don haka shugabanninmu su tafi gaban hukuma da buƙata biyu: a tsare ƙofar teku, a buɗe hanyar arewa. Allah ya sa albarka a turke.