Hoton Ƙirji: Yadda Likita Ke Ganin Cikin Mutum

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu an taɓa tura su ɗakin hoto a asibiti, aka ce su tuɓe riga, su jingina ƙirji da wani allo, su ja numfashi su riƙe. Amma kaɗan ne suka san abin da ke faruwa a wannan ɗan lokaci. Shi na ke so in bayyana, gama in mun zama malamai mu ne iyayen yara za su riƙa tambaya.

A ran 8 ga Nuwamba 1895, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen yana gwaji da lantarki a birnin Wurzburg, sai ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da naman jiki. Da ya ke bai san asalinsa ba, sai ya sa masa suna X, kamar yadda mu ke yi a lissafi. Bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, sai ga ƙasusuwa, ga zobenta a yatsa.

To, hoton nan inuwa ce kawai. Hasken yana shiga ta bayanka ya fita ta ƙirji ya faɗa kan allon. Ƙashi yana da tauri, yakan tare hasken, saboda haka ya fito fari. Huhu kuwa cike ya ke da iska, hasken ya wuce salin alin, sai ya fito baƙi. Shi ya sa a ke cewa ka ja numfashi ka riƙe. In tarin fuka ya ci wani wuri, galibi can saman huhu, likita zai ga fari-fari inda ya kamata ya ga baƙi.

Daga baya an sami waɗansu dabaru. A 1958 likita Ian Donald na Gilasgo ya nuna yadda za a duba ciki da amsa-kuwwar sauti, watau abin da a ke duba masu juna biyu da shi. A 1971 kuma aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yanki-yanki a Landan, da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera.

Sai dai mu lura da abu biyu. Na fari, hoto ba magani ba ne. Waɗansu suna zato da an haska su cutar ta tafi, alhali hoton hanya kawai ya ke nuna wa likita, kuma sai an gwada majina kafin a tabbatar da tarin fuka. Maganinsa yakan ɗauki wata shida. Na biyu, hasken nan in ya yi yawa yana da lahani, don haka ba a yinsa sai da dalili, mace mai ciki kuwa ta faɗa tun kafin a fara.

Tarin fuka ta iska ya ke yaɗuwa. Malamin da ke ɗauke da shi, ya tsaya gaban yara daga safe har azahar a ɗaki mai ƙarancin tagogi, ba kansa kaɗai ya ke cuta ba. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, ko ya ga ɗalibinsa yana tari yana ramewa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A tafi asibiti tun da wuri.