Na'ura Ta Yi Ƙara a Tondibia: Me Aka Tono?

Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, na'urar gano ƙarfe ta shiga hannun matasa, labarinta kuma ya fi aikinta yawa. Har a bakin kogin Isa, wajejen Tondibia da ke arewa maso yammacin Yamai, za ka ji ana cewa in ta yi ƙara to arziki ya zo. Ba haka ba ne. Na'ura ƙarfe kawai take ji: ƙusa, gwangwani, kwanson harsashi, duk ƙara za ta yi.

Zinariya ba ta tsatsa, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Abin da ka tono ya yi kore-kore, jan ƙarfe ne ko tagulla, ko da ya yi walƙiya bayan an goge shi.

Wanda ya fi ruɗin mutane yanzu shi ne baƙin dutse mai nauyi. Gaskiya ne an tsinci wani dutsen duniyar Mars a jihar Agadas a 2023, aka sayar da shi a New York a watan Yulin 2025 kan dala miliyan biyar da ɗoriya. Amma yankin Yamai cike yake da kufan matoyar tama, inda maƙera suka narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Baƙin dutse mai huji-huji, mai kamar an zubo shi ya daskare, kashin ƙarfe ne da suka bari, ba daga sama ya faɗo ba. Kuɗi ba zai kawo ba, sai dai ni ina ganin darajarsa: shaida ce ta wutar da kakanni suka hura a wurin.

Tsohon kuɗin azurfa mai hoton Maria Theresa fa? Azurfar gaskiya ce in ba jabu ba, amma 1780 da ke jikinsa ba ta nufin a shekarar aka buga shi, domin an ci gaba da buga shi da wannan lamba har zamaninmu. Batun jar makuri da ake cewa tana ɓoye cikin tsofaffin ƙarafa kuwa, ƙaryar 'yan damfara ce tsagwaronta.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi. Tondibia gari ne mai barikin horar da soji. Ƙarfe mai siffar harsashi ko gurneti, kome tsatsarsa, yana iya fashewa. Kada a buga shi, kada a sa shi a wuta, kada a kai wa mai sayen tsohon ƙarfe. A bar shi inda yake a sanar da hukuma.

Masu cewa "ni na tono, nawa ne" su ma sun yi kuskure, don wata doka ta 1997 ta kare kayan tarihin Nijar. Abin da ya sami Bura, kusa da Tera, yana ci mini rai: bayan masani Boubé Gado ya yi bincike a wurin a 1983, masu haƙa suka afka wa kaburburan yankin, kaya suka watse kasuwannin Turai ba tare da an san daga wane rami suka fito ba. In ka ci karo da munduwa ko kan kibiya tare da fasassun tukwane, kada ka wanke da lemun tsami ko ka kankare da yashi. Ɗauki hoto, riƙe wurin, ka tuntuɓi gidan tarihi na Boubou Hama ko masana na Jami'ar Abdou Moumouni.