Daga Niyok zuwa Jidda: hanyar da taswira ke ɓoyewa

Iyalai da dama a cikinmu suna da ɗa ko ƙane a Amurka, kuma idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato mukan ji ana tambaya: shin nisan da ke tsakaninsu da ƙasa mai tsarki ya kai nawa? Daga birnin Niyok zuwa Jidda, tafiyar jirgin sama ta ɗara kilomita 10,000 da kaɗan, wato kimanin awa 12 ba tare da sauka ba. Dawowa takan fi daɗewa, domin iskar da ke can sama daga yamma take kaɗowa. Mu kuwa daga Yamai, kilomita 4,000 ne ko kusa da haka.

Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne hanyar da jirgin ke bi. Wanda ya dubi taswirar da ke rataye a bangon aji zai ga Jidda tana kudu maso gabas da Niyok, sai ya zaci can jirgi zai dosa. Ina! Da ya tashi, arewa maso gabas yake fuskanta, ya bi ta gefen Kanada, ya ƙetare tekun Atlantika, ya ratsa sararin Faransa da Italiya, sa'an nan ya gangaro ta Masar zuwa Bahar Maliya. Ba ɓata ya yi ba; ita ce hanya mafi kusa. Dalili kuwa, duniya a dunƙule take kamar lemo, taswira kuma shimfiɗa ta aka yi bisa takarda, har ƙasashen arewa suka kumbura fiye da girmansu. Irin wannan taswira Markato ya zana ta a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa. Duk mai shakka, ya sami ƙwallon duniya na makaranta, ya ja zare tsakanin biranen biyu, zai ga inda zaren ya kwanta.

Wannan lissafi ya shafi salla. Jidda da Makka ba su kai kilomita 100 tsakani ba, saboda haka inda jirgin ya fuskanta, kusan nan ce alƙiblar mutanen Niyok: daraja 58 daga arewa zuwa wajen gabas. Babban masallacin Washinton, wanda aka buɗe a 1957, bisa wannan ƙa'ida aka ɗora mihrabinsa, ko da yake an sami waɗanda suka yi saɓani, suka zaɓi kudu maso gabas. A ganinmu hujjar zare ta fi ƙarfi.

A ƙasashenmu matsalar ba ta tasowa sosai, tunda muna kusa da tsakiyar duniya, inda taswira ba ta cika ruɗi ba. Mutumin Yamai ya fuskanci gabas, ya ɗan karkata arewa, ya tayar da kabbara. Amma ɗanmu da ya sauka Niyok, kada ya tafi da wannan sabo. Ya tambayi masallacin unguwarsu tun ranar farko.