Macizai masu kama da reshen itace: yadda masana ke rarrabe su

A dazuzzukan ƙasashe masu zafi akwai wasu macizai sirara masu dogon kai, waɗanda idan suka lafe a kan bishiya sai a ɗauka reshe ne ko igiyar kuranga. Ana samun su a Asiya da Afirka da nahiyar Amurka, kuma sifarsu kusan ɗaya ce. Sai dai masana ilimin dabbobi sun tabbatar da maganar Hausawa cewa kama da wane ba wane ba ne.

Bisa tsarin rarrabe halittu da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya kafa tushensa a ƙarni na 18, kowace dabba tana da suna biyu na Latin: na farko na zuriyarta, na biyu na nau'inta. Waɗannan macizai suna cikin babban dangin Colubridae, amma zuriyarsu daban-daban ce. Na Asiya su ne Ahaetulla, na nahiyar Amurka Oxybelis, na Afirka kuwa Thelotornis. Abin da ya sa suka yi kama shi ne irin rayuwarsu: dukkansu a bisa itatuwa suke zaune, suna fakon ƙadangaru da kwaɗi da ƙananan tsuntsaye, don haka siririn jiki ya amfane su.

A da, masana sukan dogara ne da ƙirga ɓawon fatar maciji da duba haƙoransa da idanunsa. Misali, baƙin idon Ahaetulla da Thelotornis a kwance yake, na Oxybelis kuwa kewayayye ne. Yanzu binciken ƙwayoyin gado ya sauya lissafi. A shekarar 2020, masu bincike a Indiya sun nuna cewa macijin da aka daɗe ana kira Ahaetulla nasuta ba nau'i ɗaya ba ne, nau'o'i ne da dama.

Wannan rarrabewa ta shafi rayuwar jama'a. Dafin na Asiya da na Amurka ba shi da ƙarfi ga ɗan Adam, yawanci kumburi da zafi kawai yake jawowa. Na Afirka kuwa, ciki har da Thelotornis kirtlandii da ke dazuzzukan kudancin Nijeriya, dafinsu yana hana jini daskarewa, kuma har yanzu ba a samar da makarinsa ba. Irin wannan maciji ne ya yi ajalin Robert Mertens, masanin macizai ɗan ƙasar Jamus, a shekarar 1975.

Macijin ba shi da saurin sara, kuma fiƙoƙinsa a can bayan baki suke. Amma alamomin dafinsa sukan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. Saboda haka manomi ko mai saran itace da irinsa ya sara, ya garzaya asibiti ko da bai ji komai ba, kada ya tsaga wurin ko ya tsotse shi.