Yadda Ake Shan Maganin Rage Kitsen Jini

An buga wannan takarda domin hakimai da malamansu, saboda su ne jama'a kan kawo wa tambaya, kuma wasunsu ma likita ya riga ya ɗora su bisa wannan magani.

A cikin jinin kowane mutum akwai wani irin kitse wanda likitoci ke kira kolestarol. Hanta ce ke yin mafi yawansa. Idan ya yi yawa sai ya riƙa taruwa a jikin hanyoyin jini har su tsuke, daga nan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kan taso. Mai shi ba ya jin kome, sai an auna jininsa a asibiti ake ganewa.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne na dangin sitatin, wanda aka fara sayarwa a Amurka cikin 1987. Aikinsa shi ne rage kitsen da hanta ke yi. Ga iri biyu da aka fi sani:

1. Atorvastatin. Sau ɗaya a yini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, amma a tsai da lokaci guda. Akan fara da miligiram 10 ko 20. Likita yana iya ƙarawa, amma ba a wuce 80.

2. Simvastatin. Sau ɗaya, da dare, domin da dare hanta ta fi yin kitsen. Yawanci miligiram 20 ne ko 40. Mai shan amlodipine saboda hawan jini kada ya wuce 20.

Likita ne kaɗai ke tsai da adadin. Bayan kamar wata uku yakan sake auna jini, sa'an nan ya ƙara ko ya rage. Wanda ya manta bai sha ba har gari ya waye, kada ya haɗa na kwana biyu. Mai azumi ya sha nasa bayan buɗa baki. Kada wanda ya ba ɗan'uwansa nasa, ko ya saya a kasuwa.

Mace mai ciki da mai shayarwa ba su sha. Mai ciwon hanta ko ƙoda, da mai shan wani magani, musamman clarithromycin ko maganin ƙanjamau, lalle ne ya gaya wa likita tun farko. Wanda ya ji tsamin jiki mai tsanani ba dalili, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu, ya dakata da shan, ya tafi asibiti a ranar.

Babban kuskure shi ne mutum ya ga lafiyarsa lau ya daina. Maganin ba ya kawar da cutar, danne ta yake yi, watau da an bari kitsen zai komo cikin 'yan makonni. Haka kuma ba ya ɗauke wa mutum rage maiƙo, da barin taba, da yawan tafiya a ƙasa.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani, su kuma su isar ga jama'arsu.