Yadda Mutanen Serowe Suka Karɓi Baturiya Matar Ɗan Sarkinsu

Sau da yawa akan tambaya, in mutum ya auri macen da launin fatarta ba irin nasa ba ne, ya kwashe iyalinsa zuwa garin karkara, shin za su sami wurin zama kuwa? Mun ga ya kyautu mu ba masu karatu labarin Serowe, babban garin ƙabilar Bamangwato, a ƙasar da a ke kira Becuwanaland a da, wato Botswana ta yau.

Seretse Khama shi ne magajin sarautar Bamangwato. Ya tafi Ingila koyon aikin lauya, can ya sadu da Ruth Williams, wata akawu 'yar London, aka ɗaura musu aure cikin Satumba 1948. Da labari ya iso gida sai hankali ya tashi. Baffansa Tshekedi, wanda ke riƙe masa sarauta, ya ce sam bai yarda ba, don ba a shawarci manya ba.

Mutanen ƙasan nan suna da wani dandali da su ke kira kgotla, inda magidanta kan taru kowa ya faɗi ra'ayinsa a gaban kowa. An zauna sau biyu a ƙarshen 1948, jama'a ba su amince da auren ba. Seretse bai yi fushi ya juya musu baya ba, ya sake tsayawa gabansu. A zama na uku, cikin Yuni 1949, dubban mutane suka miƙe tsaye suka ce sun yarda da shi, da matarsa duka. Cikin shekaran nan Ruth ta tare a Serowe. Matan gari suka tarye ta da guɗa, amma da yawa daga cikin Turawan da ke zaune a ƙasar suka ƙaurace mata.

Matsala kuwa daga waje ta ɓullo. A 1949 Gwamnatin Afirka ta Kudu ta kafa dokar hana aure tsakanin farar fata da sauran jinsuna, ba ta kuwa son ganin irinsa a maƙwabtanta. Gwamnatin Ingila, don gudun ɓata da ita, ta kira Seretse London a 1950 ta hana shi zama ƙasarsa. Bamangwato suka ƙi naɗa wani sarki, suka yi ta kai kuka. Sai a 1956, bayan ya saki haƙƙinsa na sarauta, aka bar shi ya komo da iyalinsa. A 1966 ya zama shugaban ƙasar Botswana na farko. Ya rasu a 1980, Ruth ba ta koma Ingila ba, ta zauna har rasuwarta a 2002, aka binne ta kusa da shi a Serowe. Ɗansu Ian ya shugabanci ƙasar daga 2008 zuwa 2018.

To, jama'a, abin lura a nan shi ne, ba ran farko a kan auna karimcin gari ba. Ƙin da mutanen Serowe suka yi da fari gaskiya ne, yardarsu ta baya kuma gaskiya ce, ga shi ta daɗe fiye da shekara hamsin. Abin da ya kawo haka kuwa, suna da wurin da a ke faɗin magana a fili, baƙuwar kuma ta yi haƙuri ta zauna cikinsu.

Saboda haka wanda zai kai irin wannan iyali karkara, ya fara da gaida dattawa da maƙwabta, ya kuma duba yadda makaranta za ta riƙe 'ya'yansa, gama a bakin yara a ke jin abin da manya ke faɗi a ɗaka. Mu masu gari kuwa, mu tuna baƙonka annabinka. Allah ya sa mu gane.