DILLALIN LITTATTAFAI DA AMFANINSA GA MARUBUCI

A shekarar 1886 wani likita mai suna Arthur Conan Doyle, mazaunin ƙasar Ingila, ya rubuta labarinsa na farko a kan mai binciken nan Sherlock Holmes. Kamfanonin buga littattafai suka yi ta mayar masa da shi. Daga bisani kamfanin Ward Lock ya ce zai karɓa, amma bisa sharaɗin ya saye labarin ɗungum a kan fam 25. Likitan ya roƙi a riƙa ba shi wani kaso daga abin da aka sayar, aka hana. Ya sa hannu. Aka yi ta buga littafin shekara da shekaru, shi kuwa mai shi bai ƙara ganin ko anini daga wannan ciniki ba.

Irin wannan hasara ita ta haifi sana'ar dillancin littattafai. Kowa ya san aikin dillali a kasuwar shanu: shi ya san farashi, ya san masu saye, yana tsayawa tsakanin mai kaya da mai kuɗi, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. To, haka dillalin littattafai ya ke, sai dai shi marubuci kaɗai ya ke wa aiki. Wanda a ke lissaftawa na farko a wannan sana'a shi ne A. P. Watt, wanda ya fara a Landan wajen 1875, yana karɓar kashi 10 cikin 100. A yau yawancin dillalai kashi 15 su ke karɓa.

Shi kansa Doyle ya koma hannun Watt. Daga 1891 mujallar Strand ta shiga buga gajerun labaransa, har ta kai ga biyansa fam 1,000 a kan labarai 12.

Babban aikin dillali yana cikin takardar yarjejeniya. Da farko, yana lura kada marubuci ya sayar da haƙƙin mallakarsa gaba ɗaya. Izinin bugawa kawai zai bayar. Na biyu, yana cinikin kafin alƙalami, watau kuɗin da a ke ba marubuci tun littafi bai fito ba, da kuma kason da zai riƙa samu a kan kowane kwafi. Na uku, yana rarrabe haƙƙoƙi, gama littafi ɗaya haja da yawa ce: akwai izinin bugawa a gida, da na ƙasashen waje, da na fassara, da na yin fim, kowanne da kuɗinsa. Sa'an nan yana sa a rubuta cewa in kamfani ya daina buga littafin, haƙƙi ya koma wa mai shi.

Dubi labarin J. K. Rowling. Dillalinta, Christopher Little, ya yi ta kai littafinta na farko na Harry Potter wurin kamfanoni har Bloomsbury ya buga shi a 1997, da ɗan kafin alƙalami kaɗan. Amma izinin bugawa a Amurka daban aka yi gwanjonsa, kamfanin Scholastic ya saye a kan dala 105,000.

Sai dai a yi hattara. Dillalin kirki ba ya neman kuɗi kafin ya sayar da littafi. Duk wanda ya ce a biya shi ladan karantawa, a guje shi. Malamin da ya rubuta littafi kuma bai sami dillali ba, kada ɗokin ganin sunansa a bango ya sa shi gaggawar sa hannu. Ya kai takardar ga lauya ko ƙungiyar marubuta, a karanta masa ita sharaɗi bayan sharaɗi. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari.